Saƙon da Aka Faɗa Daga Zaure

Aikin farko na yau: tafasa ƙyallaye uku, a shanya su a inuwa.

Gure, 14 ga Yuni, 1936

Zuwa ga aminina, yayan matata, Abatcha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na asibiti. Yaya zafin Damagaram, yaya kuma gajiyar ɗawainiyar da ka yi da ni? Allah ya saka maka da alheri. Ka yi haƙuri da layin da ka gani a sama. Takarda ta yi wuya a biro, ofishin da nake aiki, sai na yago shafi daga littafin da nake rubuta ayyukana na kullum, halin da ka sha yi mini dariya a kansa tun muna lakwal, makarantar boko.

Yau wata ɗaya da kwana shida da dawowata. Ka ce in riƙa ba ka labarin ƙirjin nan, to ga shi. Da na iso, sai da na fara rubuta abin da likita ya faɗa a gabanka, don kada mantuwa ta ƙara ko ta rage. Ya duba kakina a madubinsa mai ƙara girman abu sau uku bai ga ƙwayar tarin fuka ba. Ciwona ba ya kama wani. A shekara ashirin na aikinsa mutum biyu kaɗai ya gani da irinsa. Ba ya warkewa, amma ana tsufa da shi. Abokan gabata su ne ƙurar tsofaffin takardu, da kashin jemage na ɗakin ajiyarmu, da hayaƙi, da ƙaiƙayi fiye da kome. Maganina shi ne in rufe hanci da baki.

Ƙyallayen nan shida da ka ɗinka mini da hannunka, masu ninki huɗu da igiyar ɗaurewa a ƙeya, suna aiki. Na gwada su yadda na iya. Kwana uku na shiga ɗakin ajiya fuska a buɗe, ina ɗiga tawada a littafi duk sa'ad da tari ya sarƙe ni: talatin da ɗaya, talatin da takwas, arba'in. Kwana uku na shiga da ƙyalle: bakwai, biyar, shida. Mai yiwuwa na ƙirga ne yadda zuciyata take so, ka dai san ni. Amma yanzu ina hawa tudun bariki ba tare da na tsaya na dafa gwiwa ba.

Mutanen gari kuwa sun sami abin nishaɗi. Ɗan Kasuwa mahauci ya hango ni ya ɗaga murya, wai wa ya ɗaura wa malamin biro takunkumi, ko ya fara shiga gonar mutane ne. Wata tsohuwa mai tallar nono ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta zaci naɗa ni aka yi na ja amawali, tana mamakin yadda ba ta ji tambari ba. Na yi dariya a bayan ƙyalle, ba wanda ya gani. Kumandan, Baturen da nake yi wa aiki, ya dube ni sau ɗaya, ya ce muddin rubutu bai karkace ba, ko tukunya na ga dama in kifa a kai.

Abu ɗaya ya rage mini daɗin gida. Kwana goma bayan dawowata, ƙanwarka Kellu ta ce mahaifiyarku Hajja tana son 'yarmu Yakura ta je Bune ta ɗebe mata kewa na ɗan kwana biyu. Ba na hana kaka jikarta. Amma ka san ita kaɗai Allah ya bar mana bayan ukun da muka binne. Shekararta biyar, kuma ita ce mutum ɗaya a garin nan da ba ta ga aibin ƙyallen ba. Takan laɓaɓo ta bayana ta zare igiyar ta ruga da shi, in bi ta ina haki tana ƙyalƙyala dariya. Kwana ashirin da shida ke nan gidan shiru. Na ce wa Kellu da zarar an gama shuka sai a je a ɗauko ta. Ta ce to.

Ƙanwarka tana gaishe ka. Ka gaida mutanen gidanka da kyau, da duk mai tambayata. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Inusa Ɗan Talata


Gure, 9 ga Agusta, 1936

Aminina Abatcha,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta yara, ina sanar da kai takardarka ta iso, tare da sababbin ƙyallaye huɗu. Na gode. Damina ta yi albarka a nan. Gero ya kai ƙirji, ruwa ya kwanta a kwarin dabino har masu lambu suna kuka da shi. Ƙirjina ma da sauƙi, ɗigon tawada bai wuce takwas a rana ba a duk watan nan.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da na daɗe ina juyawa. Zan rubuta maka su a jere, kai ka gaya mini ko zargi ne kawai na mai ciwo.

Ka san ciyayyarmu ta ƙofar gidan maƙwabcina Malam Yabawa. Shekara goma sha ɗaya mu shida muna fito da akusanmu bayan magariba, a cinye na wannan a jawo na wancan. Tun da na dawo, Malam Yabawa ya ce tunda sai na sauke ƙyalle kuma a hankali nake ci, kada a cuce ni, gara a ɗebar mini nawa daban. Na yi masa godiya, har na ji kunyar irin kulawarsa. Sai daga baya na lura akushin gidana ba a jawo shi. Kullum kafin a zo kansa kowa ya ƙoshi. Miyar kukar Kellu ce fa, wadda a da ake tsere wa suɗinta. Na ƙirga, magariba goma sha tara a jere yana komawa gida da murfinsa.

Na biyu, liman ya kira ni gefe ya ce rufe baki a cikin salla makaruhi ne. Gaskiyarsa, na duba na gani. Yanzu a bakin masallaci nake kwancewa in sa a aljihu. To tun daga ranar kafaɗata ba ta sake taɓa kafaɗar kowa ba. Ana cewa a daidaita sahu a toshe kafa, amma kafar da ke damana da haguna ɗan akuya zai wuce bai goge kowa ba.

Na uku a cikin gidana ne. Na ga an ɗaura jan zare a marikin ludayina. Kellu ta ce don kada warin magani ya kama nata ne. Ni kuwa ban taɓa shan magani da ludayi ba. Ban ja maganar ba.

Na gaya wa kaina fuskar da aka rufe dole ta ba mutane tsoro, kuma wanda ya zauna yana ƙirga akushi ba ya rasa abin ɓacin rai. Wataƙila laifina ne da ban tara su tun farko na bayyana musu abin da likita ya ce ba. Na ɗauka ba sai an yi haka ba tsakanin mutanen da suka haɗa hannu a kwano.

Duk wannan da sauƙi, Abatcha. Maganar Yakura ce ke hana ni sukuni. Sau uku ina aikawa Bune. Na farko aka ce hanya ta cika da ruwa. Na biyu aka ce ƙuraje sun fito mata ana yi mata magani. Na uku Hajja ta ce a bari sai kaka. Kwana biyu sun zama wata uku ba kaɗan. In na yi wa Kellu zancen, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ina roƙonka don zumunci, ka aika wa Hajja. Kai ne babban ɗanta, maganarka ce kaɗai ba ta tsallakewa. Ka gaya mata uban yarinya yana gaishe ta, kuma ya ƙosa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a.

Amininka,
Inusa


Gure, 27 ga Satumba, 1936

Zuwa ga Abatcha,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya da iyalinka. Mu ma nan da godiya.

Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagewa. Zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari.

Shekaranjiya Mamadu, mai raƙumin da ke kawo jakar wasiƙu daga Damagaram, ya iso biro. Ya ajiye jakar a bakin ƙofa ya ja da baya, kamar yadda yake yi tun bazara. Ka san shi, mutum ne mai son a yaba aikinsa. Ya tambaye ni jiki, sannan ya ce yana fata an bi saƙon nan yadda ya kawo shi, don shi ko kalma ɗaya bai zubar a hanya ba. Ban san wane saƙo yake nufi ba. Amma maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ya maimaita in ji ko ya riƙe daidai. Ya gyara tsayuwa, ya ƙirga mini da yatsu. A raba masa kwano da ludayi. A kai yarinya Bune, kada ta dawo sai an ji daga bakin Abatcha. Ƙyallen nan ba don ƙura ba ne, don kada numfashinsa ya taɓa mutane ne. Kuma kada a faɗa masa, don kada zuciyarsa ta karye. Da ya kai yatsa na huɗu sai ya tsaya, ya dubi yatsan, ya dube ni. Na ce ya riƙe daidai, Allah ya yi masa albarka. Na sa hannu a takardar jaka, kuma hannun bai karkace ba.

Na gane abin da ya sa ka aiko da baki. Kellu ba ta karatu, kuma duk takardar da ta shigo garin nan ni nake buɗe jakarta. Lissafinka ya yi kyau. Abin da ka manta shi ne Mamadu namiji ne baƙo, ba ya shiga gidan matar aure. Yadda na ji daga baya, ranar da ya kawo saƙon ya zo da hantsi ina biro, bai sami tsohuwar da zai aika ciki ba, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. Kellu tana can ƙarshen gida tana daka da matan maƙwabta. Ta ce ba ta ji, ya ɗaga murya. Sai ya ɗaga irin wadda yake kiran raƙumi da ita a daji. Sau uku ya faɗa don ya tabbata ya sauke amana, har da wurin da ka ce kada a faɗa mini. Malam Yabawa yana gyaran dangarsa a lokacin. Mata suna wucewa rijiya.

Wata huɗu ke nan Gure duka tana riƙe maka amana. Mahauci ya sani, liman ya sani, mai tallar nono ta sani. Ni kaɗai nake yawo da littafi ina ƙirga akushi, ina zargin kaina da mugun zato, har ina rubuto maka ka taimake ni a kan Hajja.

Bayan la'asar na tambayi Kellu. Ba ta musa ba. Ta ce ɗaya yana aikin asibiti, ɗaya shi ne mai tarin, to maganar wa za ta ɗauka, ita da ta wanke 'ya'ya uku aka fita da su? Na tambaye ta me ya sa ita ba ta raba ɗaki da ni ba, kuma da hannunta take wanke ƙyallayen. Ta ce ba a aiko da wannan ba, ko an aiko ma ba za ta yi ba. Ita ban riƙe ta da kome ba.

Na ɗauko takardunka uku na sake karantawa. A kowace ka rubuta in kwantar da hankalina. A ta ƙarshe har ka ce ka aika wa Hajja, in ƙara haƙuri. Na tuna shekarar da aka ƙwace mu daga iyayenmu aka kai mu lakwal a Damagaram, ba ka jin Hausa sosai, ni ba na jin Barbarci, muka haɗa kwano don ba wanda ya yarda ya ci da mu. Shekara talatin ke nan. Ban taɓa neman shaida a kan maganarka ba.

Yanzu ina nema. Ɗayan biyu ne. In likita ya gaya maka wani abu bayan na fita, ka rubuto mini shi a fili. Wallahi da hannuna zan ware kwanona, ni zan roƙi Hajja ta riƙe yarinyar, ba sai an yi mini dabara kamar jaki mai cizo ba. In kuwa bai faɗi kome ba, to ka sake aiko Mamadu ya tsaya a zauren nan, da muryar nan tasa, ya warware abin da ya ƙulla. Sannan a dawo mini da 'yata.

Ina jiran jakar wata mai zuwa. Ni zan buɗe ta.

Wassalam,
Inusa


Gure, 9 ga Nuwamba, 1936

Zuwa ga Malam Abatcha,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya kai mu azumi da rai.

Amsarka ta iso, kuma na gode da ka rubuta ta a fili. Ka ce likita bai faɗi kome ba bayan abin da na ji. Ka ce amma kai ka ga mutanen da madubi ya wanke, bayan shekara aka kai su kushewa tare da 'ya'yansu. Ka ce tari ne ya kashe mahaifinku, ƙanwa ɗaya gare ka, kuma ciwon da likita ya gani sau biyu kacal ba za ka jingina ran yarinya a kansa ba. Ka ce ba za ka sake aiko Mamadu ba. Na karanta sau bakwai. Ban sami ƙarya a ciki ba.

Na nemi izinin kwana huɗu, na ari doki, na tafi Bune da takardarka a aljihu. Hajja ta karɓe ni da mutunci. An shimfiɗa mini tabarma a gindin aduwa, ita da ƙannen mahaifinku biyu suka zauna taku goma daga nan. An kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya. Niyyata in karanta musu rabin farko kawai, inda ka shaida likita bai ƙara kome ba, in naɗe takardar. Ba mai karatun boko a cikinsu. Da na kai wurin sai na kasa tsayawa, na fassara musu har ƙarshe. Hajja ta ce ai ka ji, ɗan nan bai canja magana ba. Duk hanyar dawowa ina tambayar kaina ko gaskiya ce ta sa ni, ko tsoron kada ya zama kai ne mai gaskiya.

Muna nan zaune sai ga Yakura daga bayan gida, inda mata ke sussukar gero. Ta yi tsawo. Haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, ba wanda ya gaya mini. Ta taho da gudu, da ta kai bakin inuwar sai ta ja birki kamar an shata mata layi. Ta gaishe ni da Barbarci, sannan ta tuna ta sake da Hausa. Na miƙa hannu. Ta ce Hajja ta ce ciwon Baba yana cikin ƙyallen ne, ranar da ya warke zai cire, ranar za ta zo wurinsa. Ta karkata kai ta ce, Baba, ka warke?

Ina jin tabarya tana sauka a bayan danga. Ina ganin ƙaiƙayi yana tashi, iska tana kawo shi wajenmu. Ba wanda ya fi ni sanin abin da zai biyo baya, a rubuce yake a littafina. Na kai hannu ƙeya na kwance igiyar.

Ta faɗo jikina. Kitsonta da zanenta duk ƙaiƙayi, don tun safe tana cikin masu sussuka. Na sa fuskata a kanta. Ta nuna mini gurbin haƙorin, ta ce ta iya tatsar akuya, ta tambayi ko kazarta mai wake-wake ta yi ƙwai. Ina tsammanin na riƙe ta kamar tsawon raka'a biyu. Daga nan ƙirjin ya rufe. Ban taɓa yin irin wannan ba ko a ɗakin ajiya. An ce na kife a kan tabarma, leɓɓana suka yi baƙi, mata suka bar turmi suna salati. Abin da na gani da idona kafin in daina gani shi ne Hajja ta fizge yarinyar tana ihu a kawo ruwa a wanke ta, ita kuma tana kallona ta kafaɗar kakarta.

Gani ya kori ji. Da na farfaɗo na so in ce musu ƙaiƙayi ne, na kanta ma, amma wa zai saurara? Ni da kaina na ce wa yarinya na warke, sannan na faɗi a gabanta. Da safe da zan hau doki an ce ta fito ta yi mini sallama, ta ƙi. Ban sake roƙon a ba ni ita ba, kuma ba zan sake ba sai ranar da ita ta nema. Kellu za ta je ta yi azumi a can. Ni na ce ta je.

Abin da na riƙe ka da shi ɗaya ne, kuma na auna shi da kyau kafin in rubuta. Ba tsoron da ka ji ba ne, ni ma ina jinsa yanzu, ko da safiyar yau sai da na tsaya ina duban ludayina. Da ka kama hannuna a ƙofar asibiti ka ce, Inusa, ni ban natsu da maganar likita ba, da ni zan kai ta Bune a kan dokina, in gaya mata da bakina cewa Baba yana nan, ƙyalle ba dodo ba ne. Da na rasa ta wata shida, amma da ba ta ji tsorona ba. Kai ka ɗinka mini abin da ya ba ni numfashi, ka ɗaura mini da hannunka, sannan ka gaya wa duniya alamar guduna ce. Ba zan daina ɗaurawa ba, don ɗigon tawada bai canja ba. Amma kada ka ƙara aiko da wasu. Na warware ɗaya na ga yadda aka yi shi.

Ka gaida iyali. In ka zo Gure gidan ƙanwarka ne, ba mai hana ka shiga. Sauran shafin nan ba naka ba ne, ba ni da wata takarda.

Mijin ƙanwarka,
Inusa Ɗan Talata

Gobe, in Allah ya kai mu:
1. Mayar da dokin aro, a nuna wa mai shi kofaton baya.
2. Gaya wa Malam Yabawa zan riƙa cin tuwona a gida, su daina ƙoshi da wuri.
3. Allura da farin zare. Kellu ta nuna mini ƙullin kafin ta tafi.
4. Takalmin sallar Yakura. Ban san girman ƙafarta ba yanzu. Kellu ta karyo kara daidai tsawonta ta aiko.